Inda Na Kai Kawu Ya Yi Dariya a Yamai

Mun bar Tawa bayan sallar asuba, a tsakiyar watan Janairu, lokacin da iskar hunturu take tashi da ƙura har mutum ba ya hango ƙarshen titi. Mu biyu ne, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata, dattijo mai shekara saba'in da ƴan kai, Bagobirin ƙasar Madawa wanda cinikin fatu ya zaunar da shi a Tawa tun yana saurayi. Yana ta rufe masa idon dama ruf, na hagu kuma ba ya ganin komai da shi sai inuwar mutum idan ya gitta tsakaninsa da haske, shi ya sa yayata da ke aure a Yamai ta matsa a kawo shi can a yi masa aiki, inda za ta yi jinyarsa da hannunta. Tafiyar ta kai kilomita 550, daga Tawa zuwa Badagishiri, a faɗa babbar hanya a Tsarnawa, a bi ta Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso. Da muka iso wajen Kure, inda raƙuman dawa suke kiwo kusa da hanya, ƴan mota suka koma jikin taga suna leƙe, yara suna nuni da yatsa, Kawu kuwa ko kansa bai juya ba. Carbinsa kawai yake ja.

Wanda bai san shi a da ba, ba zai gane nauyin wannan shirun a zukatanmu ba. Kawu shi ne mutumin da idan ya zauna a rumfar kasuwa ake barin ciniki a zo a saurare shi, yana kwaikwayon muryar dillali da ta mai awo da ta tsohuwa mai neman ragi, har sai wani ya riƙe ciki ya roƙe shi don Allah ya dakata. Tun da matarsa ta rasu, idanu kuma suka biyo baya, maganarsa ta koma "to" da "madalla". A asibiti likita ya duba shi ya ce aikin yana ba mai wuya ba ne, ana cire ƙwayar da ta yi fari a sa ta roba a madadinta, amma jininsa ya hau sosai, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka, don haka a ba shi magani a dawo bayan kwana goma. Kwana goman nan su suka tayar mini da hankali. Gidan Yaya a Bukoki yake, gida mai yara da baƙi da hayaniya daga safe har dare, amma Kawu ya zaɓi kusurwar ɗaki ya ba ƙofa baya, abinci ma sai an yi da gaske kafin ya kai loma uku.

A rana ta uku, muna dawowa daga awon jini, muka tari taksi irin na Yamai, wanda ake haɗa fasinja huɗu kowa da inda za shi. Direban wani Bazabarme ne mai furfura a gemu. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ga tsagen Gobirci a kumatun Kawu, sai ya rage gudu kamar wanda ya ga abin al'ajabi, ya ce da Hausarsa ta Yamai: "Subhanalla! Wa ya sa mini bawana a kujerar baya kamar minista? Tsoho, sauka ka tura motar ubangidanka." Na san wasan, kowane ɗan Nijar ya san shi. Abin da na ji tsoro shi ne Kawu ya yi shiru, domin idan taubashi ya jefo maka magana ka bar ta ta faɗi ƙasa, kamar ka ce masa zumuncin ya yanke ne. Motar ta yi tsit na ɗan lokaci, sannan na ji muryar da na yi shekara biyu ban ji ba, ta fito a hankali: "Yaro, ja motarka. Tun yaushe bara yake tambayar maigida inda zai zauna?" Matar da ke gaba ta fashe da dariya, direba ya bugi sitiyari, suka yi ta musayar magana har ƙofar gida. Da na miƙa kuɗin mutum biyu, sai ya karɓi nawa ya mayar mini da na Kawu, ya ce shi ba ya karɓar kuɗin mota a kan dukiyarsa. A daren nan Kawu ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙarin miya.

Wannan wasa na taubasantaka, wanda yake tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, da Zabarmawa da Buzaye, da Arawa da Fulani, da Barebari da Fulani, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a shekarar 2014. Mu da muka tashi a cikinsa mun san dokarsa tun kafin a rubuta ta a wata takarda: magana tana tafiya ta dawo, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma fushi haramun ne ga kowa a cikinsu. Ina kwance a daren nan na yanke shawara cewa kafin ranar aiki sai na kai Kawu wani wuri inda ake wasan ban dariya, ya zauna cikin mutane ya ji ana shewa. A lokacin na ɗauka abu ne na tambaya ɗaya da sayen tikiti.

Yamai ba ta cikin biranen da aka gina don baƙi masu neman nishaɗi, irin Las Begas ta Amurka, inda manyan otal-otal suke da ɗakunan barkwanci da ake wasa a cikinsu kowane dare, mutum ya duba jadawali ya zaɓa kamar mai zaɓen atamfa a kanti. A nan dariya ba ta da gida guda, yawo take yi. Yau tana babban zauren Palais des Congrès da ke bakin kogi kusa da gadar Kennedy, wata rana tana cibiyar taro ta Mahatma Gandhi wadda ƙasar Indiya ta gina, ko cibiyar al'adu da ke fuskantar gidan tarihi na Bubu Hama, wadda aka daɗe ana kira da sunan Jean Rouch kafin a mayar da ita ta Mustafa Alasan a 2024. Sauran lokuta kuma tana ɗakunan taron otal ko farfajiyar gidajen abinci. Labarin wasa yana zuwa ne ta ƙyallen talla da aka ɗaura a shataletale, ko ta rediyo, amma mafi yawa ta Facebook da WhatsApp, shi ya sa na ɗora aikin neman a kan babban ɗan Yaya, wanda yake karatu a Jami'ar Abdu Mumuni, can Harobanda a ƙetaren kogi. Shi da abokansa gwaninsu shi ne Mamane, ɗan Agadas ɗin nan da ya yi suna a gidan rediyon Faransa da labaran wata ƙasa da ya ƙirƙira mai suna Gondwana, inda yake caccakar masu mulki ba tare da ya kama sunan kowa ba, kuma shi ya kafa bikin barkwanci na shekara-shekara a Abijan tun 2015. Irin wannan salon, na mutum ɗaya a tsaye da makirufo a hannu, shi ne yaron yake nufi idan ya ce wasan dariya. Cikin awa guda ya samo mini talla: daren Asabar, a wani otal, ƴan barkwanci biyar.

Allah ya sa na ce bari in je ni kaɗai tukuna. Tikitin kashi uku ne: jikka biyar, wato sefa 5,000, na kujerun baya, jikka goma na tsakiya, sai tebur na manya a gaba wanda kuɗinsa ya fi abin da na biya mana mu biyu daga Tawa. An rubuta ƙarfe takwas a takarda, na isa takwas saura, na tarar ana jera kujeru. Ba a fara ba sai goma da rabi, kuma ko da aka fara, mawaƙa biyu ne suka riga, sannan mai gabatarwa ya ɗauki lokaci yana gaida waɗanda suka ɗauki nauyin taron ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin yana da sanyin na'ura mai shiga ƙashi a tsakiyar hunturu, lasifika kuma tana amsa kuwwa a bango, ta yadda mu na baya muke jin dariyar na gaba kafin mu kama ƙarshen maganar da ta jawo ta. Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na lura da shi bayan mutum na biyu ya sauka. Wasan gaba ɗaya da Faransanci ake yinsa, ana cakuɗa shi da karin maganar titunan Abijan, Hausa da Zabarmanci kuwa ba sa fitowa sai idan ana kwaikwayon baƙauye ko mai gadi ko ƴar aiki. Harshen da nake koyar da yara da shi, wanda uwata ta yi mini tatsuniya da shi, a wannan ɗakin ba ya zuwa sai a bakin wawa.

Ba zan ci haƙƙin masu fasaha ba, domin akwai su a cikin biyar ɗin. Wata yarinya ƙarama ta fito ta kwaikwayi mahaifiyarta tana waya da ɗanta da ke ci-rani, tana gaishe shi da gajiya da sanyi da mutanen gidan haya ɗaya bayan ɗaya, sai kuɗin wayar ya ƙare daidai lokacin da ta iso ga batun aiken da ta kira dominsa. Na yi dariya har hawaye, domin a Adar, ƙasarmu ta Tawa, babu gidan da bai san wannan wayar ba, kuma a bayyane yake yarinyar tana son uwar da take kwaikwaya. Wanda ya biyo bayanta ya ɗauki sanda ya rufe idanu, ya yi ta tuntuɓe a kan dandamali yana kwaikwayon makaho da ɗan jagora, daga nan ya koma kan mai i'ina, sannan ya zaɓi wani mutum mai jiki a layin gaba ya sa shi tashi tsaye, ya yi ta yi masa ba'a kusan minti biyar. Mutumin yana murmushin dole, matarsa ta sunkuyar da kai, makirufo kuwa yana hannun mutum ɗaya. Na tuna direban taksi, wanda maganarsa ta fi wannan kaifi nesa ba kusa ba, amma ya jefa ta ne ya jira a rama. Na kuma ƙiyasta Kawu zaune a kujerar da ke kusa da ni, ba ya jin Faransanci, yana tambayata me ake wa dariya, ni kuma in rasa bakin gaya masa cewa sandar makaho ce. Ban jira na biyar ba, na fito wajen ƙarfe ɗaya na dare.

Washegari da yamma na kai maganar fadar da mijin Yaya yake zama a ƙofar gida, inda ake dafa shayi a kan ɗan murhun waya ana zagayawa da ƙananan kofuna har sau uku. A nan na samu abin da talla ba ta faɗa. Wani tela ya ce shi kafin ya sayi tikitin kowane wasa sai ya nemi guntun bidiyon mai wasan a waya ya kalla tare da matarsa, idan ta tashi ta bar wurin to ya san ba wurin zuwa da iyali ba ne. Wani tsohon ma'aikacin rediyo ya ce kujerar baya a babban zaure asarar kuɗi ce, domin barkwanci abin kusa ne, yana cikin ɗaga gira da ɗan shirun da ake yi kafin a saki kalma, kuma gara ƙaramin wuri cike da mutane da babban wuri rabinsa wofi, tun da dariya kamar hamma take, daga maƙwabci ake ɗaukarta. Da aka ambaci ƴan gambara, masu yawo kasuwa-kasuwa da gangarsu, kowa ya girgiza kai, ba don ba su iya ba, sai don batsar da ke bakinsu ba abin da ɗa zai saurara yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ƙanin uwarsa ba ne. Wannan kunyar ita ma ma'auni ce, kuma ban ga dalilin da zai sa in ajiye ta don na zo birni ba.

Sai wani ya ce a kai shi filin kokowa ya ga ƴan cali-cali. Kawu, wanda a ranar ya yarda aka fito masa da tabarma ƙofar gida, ya gyara zama da jin wannan. Ya ba su labarin gasar kokowa ta ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, zamanin mulkin Shugaba Kunce, yana saurayi, ranar da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin da ake ba zakaran gasar. Ya kwatanta yadda ɗan cali-cali yake shiga fili tsakanin karawa da karawa, ya ɗaura layu har sun fi ƙarfin ƙugunsa, ya kwaikwayi takun wani shahararren ɗan kokowa da yadda yake ɗibar ƙasa yana shafawa, har jama'a su kira sunan wanda ake nufi tun bai buɗe baki ba, sannan iska ta kayar da shi. Ƴan fada suna ta dariya, amma shi da kansa ya rufe maganar. Ya ce: "Wannan wasan ido ne, ɗana. An ce gani ya kori ji, to ni yanzu ji ne ya rage mini." Daga wannan magana na san abin da nake nema: wasa da Hausa, wanda ƙarfinsa yake cikin magana, a wurin da za mu zauna kusa, a fara da wuri a gama da wuri saboda maganinsa na dare.

Ranar Litinin na tafi cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, wadda aka sa wa sunan mai shirya fim ɗin nan da ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972, ya kuma rasu a 1981. Wuri ne da ya daɗe da wasan kwaikwayo na Hausa da Zabarmanci, irin wanda ya bunƙasa a zamanin samariya, lokacin da unguwa ke taruwa gaban talabijin guda don kallon su Yazi Dogo a Télé Sahel. A makon nan abin da ke kan allonsu na kiɗa ne, amma wani dattijo da na tarar a inuwar bakin ƙofa ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce akwai wata ƙungiyar matasa da ke wasa ranar Alhamis bayan isha'i a gidan matasa na wata unguwa can wajen Wadata, kuma in ina so in ga irin aikinsu, suna gwaji kowace la'asar. Na je na tsaya daga gefe. Su tara ne, babu takarda a hannun kowa, shugabansu yana faɗin ƙashin labarin, kowa ya sa masa nama da bakinsa, idan magana ta yi daɗi a ce a riƙe ta, idan ta wuce gona da iri shugaban ya ce akwai iyaye a wurin. Na gaya masa halin da muke ciki. Ya ce in zo da tsohon da wuri, zai ajiye mana benci na gaba, kuɗin shiga kuma dala ɗari ne, sefa 500.

Ranar Alhamis Yaya ta naɗe Kawu da bargo da rawani har hanci saboda ƙura, jikansa ɗan jami'a ya riƙe masa hannu yana tsokanarsa cewa ango za a kai, shi kuma yana cewa ai matar yaron zai ƙwace. Filin a buɗe yake, an share an yayyafa ruwa, fitila biyu a kan sanda, labulen atamfa a bayan dandamali, mata a gefe guda da yara a cinya, masu gyaɗa da rake a bakin ƙofa. Wanda ya buɗe wasan ɗan kama ne, da babbar riga da ta sha faci da rawani kamar na limami. Ya zauna ya yi gyaran murya, ya fara wa'azi da karin malamai, sai dai duk karatun a kan abinci yake: hukuncin wanda ya ci dambu ba mai, da sharuɗɗan gaskiyar ƙosai, da saɓanin da ke tsakanin masana a kan ko ɗumame yana halatta ga wanda bai yi aikin komai jiya ba. Almajirinsa yana gefe yana amsawa da "na'am, Malam" a duk gaɓa. Bai taɓa aya ko hadisi ba, muryar kawai ya ara, kuma wannan iyakar ita ta sa dattawan da ke benci na biyu suka saki jiki. Ina jin kafaɗar Kawu tana motsi a jikin tawa tun kafin sautin ya fito.

Wasan kwaikwayon kansa labarin wani ɗan ci-rani ne da ya dawo daga Abijan bayan shekara bakwai da akwati mai nauyi da Faransanci guntu-guntu, yana cewa ya manta sunan fura, dangi suna ta hidima suna jiran a buɗe akwati, ashe duwatsu ne a ciki da rediyo marar batir. Abin da ya burge ni shi ne duk abin da ya faru a kan dandamali sai wani ya faɗe shi da baki, kamar yadda wasan da ya girma a gidan rediyo ya saba, don haka ban yi wa Kawu fassarar komai ba sai sau ɗaya, da surukar ta zauna a kan akwatin don kada kishiya ta riga ta. An yi wa ɗan ci-ranin dariya sosai, amma a ƙarshe an ba shi baki ya faɗi abin da ya ci a can, aikin dako da kwana a rumfa da kunyar dawowa hannu wofi, filin ya yi tsit, wata mata a bayanmu tana jan majina, kafin uwar ta ce to a dafa duwatsun tun da su aka kawo, dariya ta sake ɓarkewa.

Ana cikin haka wanda yake fitowa a matsayin mai unguwa, wani dogon Bazabarme, ya matso bakin dandamali, hasken fitila ya faɗa a fuskar Kawu daidai lokacin da rawanin ya zame. Ya tsaya cak, ya bar wasan, ya nuna shi da sanda. Ya ce: "Jama'a, a tsaya. Wa ya bar Bagobiri a bencin gaba? Baba, wace kaza ce ta yi tono a fuskarka haka, ko gero aka ɓoye a ciki?" Fili ya ɗauki shewa. Sannan ya yi abin da ban gani ba a otal: ya diro daga dandamali, ya durƙusa a gaban Kawu, ya kai masa makirufo bakinsa. Kawu ya laluba ya kama hannun mutumin, ya bari hayaniya ta lafa, kamar yadda yake yi a rumfar kasuwa shekara talatin da suka wuce. Ya ce: "Ɗana, ai gero a wurinmu yake, shi ya sa kaji suke binmu. Ku kuwa an ce kakanku Mali Bero a kan gindin rumbu ya taso ya zo ƙasar nan. Kun zo da gindin rumbu kun baro hatsin a can, shi ya sa har yau ganyen zogale kuke ci kuna cewa kopto." Zabarmawan da ke wurin su suka fi kowa ihu. Mai unguwa ya dafe kai ya faɗi ƙasa ya yi birgima, ya tashi ya cire hularsa ya ɗora wa Kawu a kan rawani, ya ce yau bawa ya ci ubangidansa, a rubuta ranar. Wani ya miƙo goro daga baya, wata tsohuwa ta aiko da rake. Ƙarfe goma da kwata muna cikin taksi, Kawu yana maimaita wa jikansa hukuncin ɗumame kalma bayan kalma, da muryar ɗan kaman.

Ranar Asabar aka auna jininsa aka ce ya sauka, ranar Litinin aka yi aikin idon dama, wanda bai kai awa guda ba. Washegari da safe aka cire bandejin, likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, Kawu ya ce uku, ya juya ya dube ni tsawon lokaci, ya ce ashe na yi furfura. An ba mu maganin ɗigawa na makonni, aka hana shi sunkuyo da shiga ƙura, aka ce na hagu sai bayan wata biyu. Kafin mu bar gari ya sa na mayar da hular mai unguwa gidan matasa, tare da ƙullin kilishi da saƙon cewa maigida ya yafe wa baransa harajin bana. A hanyar komawa ya nemi kujerar taga. Da muka zo Kure hazo ya yi yawa, ba a ga raƙumin dawa ko ɗaya ba, amma bai janye fuskarsa daga gilashin ba har Doso, inda wani Bazabarme ya shigo da buhun zogale ya zauna a kujerar da ke gabanmu, Kawu ya ɗan gyara baƙin tabaransa ya taɓa masa kafaɗa.